Babur a Kan Yashi da Taɓo: Darasi Daga Ƙasar Dusar Ƙanƙara

Gabatarwa

A Wonaka da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, babur shi ne jakin zamani. Shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke kai malami makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Sai dai da zarar an sauka daga kwalta, hanya takan zama yashi da rani, taɓo da damina, kuma a nan ne mahaya da yawa ke faɗuwa. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka a kimiyyance, ta hanyar kwatanta babur da wani ɗan'uwansa da aka ƙera domin tafiya a kan dusar ƙanƙara.

Babur ɗin Ƙanƙara

A zamanin da, a lardin Kwibek na ƙasar Kanada, dusar ƙanƙara takan rufe hanyoyi watanni da dama. A shekarar 1934 ɗan wani makanike mai suna Joseph-Armand Bombardier ya rasu, domin hanya ta toshe an kasa kai shi asibiti. Wannan rashi ya ƙara wa uban himmar ƙera abin hawan da ƙanƙara ba za ta tsayar ba. A shekarar 1937 ya sami takardar mallakar fasaharsa, a 1959 kuma ya fitar da ƙaramin samfurin da ake kira Ski-Doo, wanda ake hawa kamar babur.

Wannan na'ura ba ta da taya. A gaba tana da faifai biyu dogaye masu sulɓi waɗanda ake juyawa da kan babur, a baya kuma tana da faffaɗan bel na roba mai haƙora, kamar na katafila. Totur ɗinta ɗan maɓalli ne da ake dannawa da babban yatsan dama, birki yana hannun hagu, giya kuwa da kanta take canjawa. Akwai kuma wata igiya da mahayi ke ɗaurawa a jikinsa. In ya faɗi, igiyar ta fizge, nan take injin ya mutu.

Sirrin na'urar yana cikin faɗin bel ɗin. A ilimin fiziya, matsi shi ne nauyi a raba da faɗin wurin da ya zauna a kai. In wurin ya faɗaɗa, matsi ya ragu, abu ba ya nutsewa. Wannan ne ya sa raƙumi, da faffaɗan tafin ƙafarsa, yake ratsa rairayi cikin sauƙi, alhali jaki yana lumewa.

Tafin Hannu Biyu

Babur bai sami wannan gata ba. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba. Nauyin babur da na mahayi da na kaya duk a kan waɗannan 'yan wurare biyu suke, kuma ta nan ne kaɗai babur yake tashi, yake tsayawa, yake shan kwana. Ƙarfin da ke hana taya zamewa shi ake kira gogayya, wato riƙon da ke tsakanin roba da ƙasa. Riƙon nan yana da iyaka. A busasshiyar kwalta yana da yawa, a yashi da taɓo kuwa yakan ragu ƙwarai. Duk abin da mahayi ya taɓa, totur ko birki ko kan babur, daga wannan riƙo yake cin bashi. In ya nemi fiye da abin da ke akwai, sai taya ta zame.

Totur, Kuloci da Giya

A babur irin Bajaj Boxer da ya cika hanyoyinmu, totur yana hannun dama, kuloci yana hannun hagu, giya tana ƙafar hagu. Kafin a tayar da inji, a murɗa totur a sake shi, a tabbata ya koma da kansa. Wayar totur da ƙura ta cushe tana iya maƙalewa ana cikin gudu. Masu babur ɗin ƙanƙara ma da wannan gwaji suke fara tafiya.

In an tunkari yashi, a rage gudu tun kafin a shiga, a sa ƙaramar giya, sa'an nan a riƙe totur daidai wa daida har a fita. Mahayi ya ɗan ja jikinsa baya domin tayar gaba ta yi sauƙi ta bi saman yashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne sakin totur gaba ɗaya saboda tsoro. Yin haka yana tura nauyi gaba, tayar gaba ta lume, kan babur ya karkace. A taɓo kuma, murɗa totur da ƙarfi yana sa tayar baya ta yi ta juyawa a banza tana wutsil-wutsil.

Birki

Birkin gaba yana hannun dama, na baya yana ƙafar dama. Da yawa daga masu koyo an tsoratar da su da birkin gaba, har wasu sukan bar shi ya lalace. Gaskiyar magana ita ce, sa'ad da aka taka birki nauyi yakan koma gaba, don haka a busasshiyar kwalta birkin gaba ne ke yin kusan kashi 70 cikin ɗari na aikin tsayarwa. A yi amfani da su biyun tare, a matsa na gaba sannu a hankali, ba da fizga ba. A yashi da taɓo ne ake sassauta na gaba, a fi dogara da na baya da ƙaramar giya. Haka kuma a gama rage gudu kafin a shiga kwana, domin taya ba ta iya ɗaukar bashin birki da na kwana a lokaci guda.

Ga ɗan lissafi ga ɗaliban fiziya. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a daƙiƙa guda, wato kafin ma mahayi ya taɓa birki ya riga ya ci wannan tazara. Bayan ya taka, yana bukatar kimanin mita 9 a busasshiyar kwalta. In aka ninka gudun zuwa kilomita 80, tazarar birki ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi, wato kimanin mita 36. In riƙon ƙasa ya ragu da rabi, kamar bayan ruwan sama, tazarar ta sake ninkawa.

Kaya da Hular Kwano

Buhu biyu da aka ɗora can baya a sama suna ɗaga cibiyar nauyi, suna kuma rage riƙon tayar gaba, shi ya sa kan babur yake rawa. A ɗaure kaya ƙasa-ƙasa, kusa da tsakiya, a daidaita gefe da gefe. Rafin da ya kawo ruwa kuwa, a jira ya janye. Ruwa mai gudu yana ture babur ta gefe, yana kuma zare yashin da ke ƙarƙashin taya.

Babur ba shi da bango. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi ya nuna cewa hular kwano mai inganci tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69 cikin ɗari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya ta a watan Janairu na 2009. Hular da ba a ɗaure igiyarta ba takan fice tun kafin kai ya kai ƙasa.

Kammalawa

Malamai na iya nuna wannan darasi a aji da faranti guda na yashi da bulo ɗaya. A kwantar da bulon, a auna zurfin sawunsa. A tsayar da shi ta ƙaramin gefe, a sake aunawa. Nauyin bai canja ba, amma sawun ya ƙara zurfi. Injiniyan Kanada ya magance matsalarsa da faffaɗan bel. Mahayin Wonaka kuwa tafin hannu biyu kaɗai gare shi a kan ƙasa, saboda haka abin da ya rage masa shi ne taushin hannu a kan totur da birki, da rage gudu tun kafin hanya ta tilasta masa.