Kangon Gwamna da Kufan Rinji

A lambun Gamji, bakin kogin Kaduna ta ɓangaren Doka, akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, wadda yara ke rububin hawa suna ɗaukar hoto ranar Sallah. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, zamanin Gwamna Lugga, daga baya aka kwance ta aka kawo nan. Kaduna kanta haka ta samu: abin da aka kwaso daga Zungeru aka zo aka girka a dajin Gwari. Saboda haka mutumin Doka da ke sha'awar ganin tsohon wurin da masu shi suka watse suka bari yana da zaɓi biyu. Ko ya yi doguwar tafiya yamma zuwa jihar Neja ya ga kangon gidan Gwamna, ko ya hau mota a tashar Kawo, ya wuce Rigacikun da Mararrabar Jos, ya sauka a wani ƙauyen ƙasar Zazzau ya nemi dattijon da zai raka shi kufan rinji. Na ga duka biyun, kuma in za a ba ni zaɓi in aika ɗalibi wuri ɗaya, na biyun zan aika shi.

Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum, ita ce hedikwatar Turawa a Arewa daga 1902. Daga nan aka ba da umurnin yaƙin da ya ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a watan Maris, daga nan kuma aka tura rundunar da ta shafe Satiru a 1906. A garin aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933. Zafi da sauro suka ishi Turawa, ga layin dogo daga Legas zuwa Kano ya ratsa ta wani wuri mai ruwa da fili a tsakiyar ƙasa, sai suka tattara ya-nasu-ya-nasu. Zuwa 1917 mulki ya koma Kaduna. Abin da ya rage a can shi ne ginshiƙai da harsashin gini cikin ciyawa, da maƙabartar Turawa, da tashar jirgi. Mutum zai zaga, a nuna masa nan ne kaza, can ne kaza, ya gyaɗa kai. Kafin rana ta take ya gama.

Ba raina wurin nake yi ba. Tsayuwa a inda aka yanke shawarar rushe daular Usmaniyya, ka tarar awaki na kiwo, abu ne mai sanyaya jiki. Sai dai duk abin da kangon zai gaya maka, an riga an rubuta shi, kuma takardun suna nan Kaduna, a gidan adana takardun tarihi na ƙasa: sunan kowane jami'i, kuɗin kowane gini, ranar da aka tashi. Wanda ya karanta ya je, bai ƙaru da komai ba sai ganin ido. Wanda bai karanta ba, ginshiƙan ba za su koya masa ba, domin siminti ba ya nuna wanda ya ɗebo ruwa ko wanda ya dafa tuwon leburori.

Rinji kuwa wani abu ne da yawancin 'ya'yanmu ba su taɓa jin labarinsa ba, alhali a ƙarni na 19 shi ne ƙashin bayan noma a ƙasar Zazzau da Kano. Ƙauye ne na bayi, mallakar sarki, ko basarake, ko attajiri, ko babban malami. Mai shi sau da yawa yana birni, yana da gida a rinjin da yake sauka in ya zo duba amfanin gona, akwai kuma sarkin gandu mai lura da aiki. Bayi na noma gandun ubangidansu daga hantsi zuwa azahar, sannan kowa ya koma gayaunarsa. Wani yana biyan murgu a bar shi ya yi sana'arsa, wani ya tara ya fanshi kansa. Na sarakunan Kano sun shahara: Fanisau, wadda Sarki Ibrahim Dabo ya ƙarfafa ta zama ribaɗi lokacin rikicinsa da Ɗan Tunku, da Gandun Nasarawa, da Gandun Albasa, wanda yau unguwa ce a tsakiyar birni, mazaunanta da yawa ba su san abin da ake nomawa a ƙarƙashin gidajensu ba.

Abin da ya kashe rinji ba yaƙi ba ne. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, ta hana cinikin bayi, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya. A tsakanin nan rinji ya riƙa zubewa a hankali. Wasu bayin suka gudu garuruwansu, wasu suka bi aikin layin dogo da haƙar kuza a Jos, wasu suka shiga soja, wasu suka zauna suka zama talakawan wurin. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, 'yar masu rinji ce a kan iyakar Kano da Zazzau, kuma ta ba da labarin yadda bayin gidansu suka watse bayan zuwan Turawa. Irin wannan shaida ba ta da yawa. Na ɗaruruwan sauran rinjojin, sai abin da ƙasa ta riƙe.

Kuma ƙasa tana riƙewa, in an samu mai karanta ta. Dattijon da ya raka ni, manomi ne da gonarsa ke kan kufan, tun daga nesa ya nuna mini kukoki sun taru wuri guda a tsakiyar fili.

"Malam, ka ga waɗancan? Kuka ba ta cunkushewa haka sai inda aka yi miya."

Na ce, "Baba, to ina gidajen?"

Ya yi dariya. "Kana kansu."

Da gaske kuwa, inda muke tsaye ya ɗan fi sauran gonar tudu, ƙasarsa ta fi duhu. Ginin tubali in aka daina yi masa yaɓe, damina kaɗan ke narkar da shi ya koma inda ya fito. Ba ma jiran damina ake yi ba: masu tashi su ke fara cire azara da ƙyaure, don itacen giginya ba abin bari ba ne, kuma da zarar rufi ya tafi bango ya zama na ruwa. Ya sa ƙafa ya tona kunya, sai ga tsingaro, wani da zanen da aka yi da igiya tun yumɓun na ɗanye. Gaba kaɗan ga dutsen niƙa kife, cikinsa ya lotsa sosai saboda shekarun da mata suka yi suna durƙusa a kansa. Duwatsu a jere cikin da'ira, ya ce gindin rumbu ne, ya ƙirga su ya ce mai wannan wuri ba ƙaramin mutum ba ne. Ramuka kusa da juna da suka cike da ƙasa, bakinsu da sauran farin daɓe mai tauri, marina ce. Can gefe kashin maƙera. Durumi guda ɗaya, ya ce nan ne ƙofar gidan ubangida, don ba a dasa durumi a bayan gida. Daga nan ya ja ni ta inda bini-da-zugu ya yi layi, tsohon shinge ne, har zuwa wata kusurwa da bai taɓa sa garma ba, ubansa ma bai sa ba. Ya rage murya, muka yi wa mazauna wurin addu'a.

Cikin awa guda na san inda suka kwana, da abin da suka ci, da sana'arsu, da wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Sunan ko mutum ɗaya ban samu ba. A Zungeru sunaye ne birjik, har a kan duwatsun kaburbura, amma rayuwar babu.

Akwai wani bambancin da manomi zai fara ambata kafin ɗan boko. Kufai na ciyar da mutane. Toka da juji da kashin dabbobi na shekaru aru-aru suna mayar da shi gonar da ta fi kowace ƙarfi, shi ya sa ake rububinsa wajen rabon gado, dawar kansa kuma ta kan fi ta maƙwabta tsayi ko ba a zuba takin zamani ba. Kangon siminti ba ya nomuwa, ba ya zaunuwa. A Ingila da Sikotilan sun mai da irin wannan abin kasuwa. Akwai ƙungiyar National Trust tun 1895 mai kula da tsofaffin gidajen masu ƙasa, kuma masu yawon buɗe ido na hawa tsaunuka su ga bangayen dutse na manoman da aka kora a ƙarni na 18 da na 19 don a saki tumaki. Mu namu kangon mun bar wa ciyawa, ba mu ci kuɗinsa ba, ba mu ci hatsinsa ba.

Sai dai in za a yi adalci, kangon Gwamna ya fi kufai wani abu guda: ba ya ɓoye abin da yake. Kowa ya san mulkin mallaka aka yi a nan, kuma bakinmu a buɗe yake wajen tsine masa, tunda baƙo ne ya yi. Kufan rinji namu ne, shi ya sa ake yi masa shiru. Jikan ubangida ba ya son a ce kakansa ya mallaki mutane, jikan bawa ba ya son a tuna masa, ga shi an yi auratayya, ana sallah sahu ɗaya. Dattijona ma sai da muka yi nisa da gari ya furta kalmar bayi. A zaure ce mini ya yi wurin "mutanen da" ne. Ina ganin wannan kunyar, fiye da ruwan sama, ita ke shafe rinji. Ba za ka ga allo a bakin hanya yana nuna shi ba, ba kuma za ka ji malamin makaranta ya kai yara ba.

Tafiyar ma yanzu ba ta arha ba ce. Hanyar Zungeru daga Kaduna ta Birnin Gwari da Tegina take, kuma wanda ya tuna 'yan Islamiyyar Tegina da aka kwashe a 2021, ko ɗaliban Kuriga a 2024, sai ya yi tambaya sosai kafin ya kama ta. A gefen wannan hanya, da cikin ƙasar Giwa da Igabi da Cikun, sababbin kufai sun bayyana cikin shekarun nan. Waɗannan ba a cire musu azara ba, don ba a samu sukunin cirewa ba: kwano na kan ɗaki, turmi na tsakar gida, rumbu a ƙone. Wasu masu su sun fara komawa, wasu suna nan tare da mu a Rigasa da Mando da Kawo, suna ga-ruwa, suna tura baro a kasuwa, matansu na wankau. Kowane ɗayansu zai iya zana maka garinsu a ƙasa da tsinke, gida-gida, ya faɗi mai kowace gona da wanda ya haƙa rijiyar masallaci. Daga gidan Sardauna, inda cibiyar Arewa House ke tara tarihin Arewa tun 1970, zuwa inda suke zaune, kuɗin keke-napep ne kawai.