Abin da ya kamata ku sani kafin ku bar kunkuru a gida ku yi tafiya

Idan Sallah ta matso, ko hutun ƙarshen shekara, masana'antun Sharada da Challawa da Bompai da ke Kano kan sallami ma'aikata na 'yan kwanaki. Da yawa daga mazauna Ja'en da Panshekara da Dakata da Kawaji sukan kulle gida su nufi garuruwansu. Mai akuya ya kai ta gidan maƙwabci, mai kaji ya bar wa yaro tsaba. Kunkuru kuwa, da yake ba ya kuka ba ya haushi, sai a zube masa ragowar tuwo da tulin latas a ja ƙofa, a ce ai shi akwai juriya. Juriyar gaskiya ce, amma ta yunwa ce kawai. Abin da ke halaka kunkuru cikin kwana uku ko huɗu shi ne zafin rana da ƙishirwa da kifewa, ga kuma rashin mai leƙowa.

Wane iri ne a gidanku?

Babban kunkurun nan mai launin yashi, mai ƙaya a cinyoyin baya, shi masana ke kira Centrochelys sulcata. Ɗan yankin Sahel ne, daga Senegal har zuwa Habasha, kuma ana samun sa a Nijar da can arewacin Najeriya. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Namiji kan haura kilo 50, yana kuma iya kai shekara 70. Abincinsa ciyawa ne, kuma a daji rami yake haƙawa mai zurfi ya shige idan rana ta take.

Akwai kuma ƙarami, wanda ƙarshen ƙoƙon bayansa ke lanƙwasawa ya rufe ƙafafun baya. Wannan ya fi son laima da duhuwa, yana haɗawa da tsutsa da dodon koɗi. Kififfiya kuwa ta ruwa ce, kulawarta daban.

Inuwa kafin abinci

Jikin kunkuru ba ya daidaita zafin kansa kamar na akuya. Idan ya ji sanyi ya fita rana, idan ya ɗau zafi ya koma inuwa. In aka hana shi ɗaya daga ciki, an cuce shi. A watan Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40, kuma tsakar gida mai daɓen siminti ta fi haka turiri. Don haka a duba wurin da za a bar shi da safe, a duba da azahar, a sake dubawa da la'asar, domin inuwar hantsi ba ita ce ta yamma ba. Rumfar zana ko ta buhu a kan ƙasa ta fi ta kwano sanyi. Kada a kife masa baho, kada a rufe shi a shago ko a ɗakin da ba iska.

Da hunturu, musamman Disamba da Janairu, dare ne abin tsoro. Kunkurun Sahel ba ya dogon barcin sanyi irin na kunkurun Turai, sanyi da danshi kan sa masa ciwon huhu. A tanadar masa akwatin katako ko lungu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Da damina kuma, musamman Agusta, a tabbata ruwan indararo ba ya kwarara cikin raminsa. Kunkurun tudu bai iya iyo ba.

Ruwa

Ana gobe tafiya, a saka shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi na kamar minti 20 zuwa 30, ruwan da bai wuce haɓarsa ba. A nan zai sha ya ƙoshi, yawanci ma ya yi kashi. Sannan a binne faranti mai faɗi marar zurfi daidai da ƙasa, a cika shi, a sa dutse a ciki don kada ya tunkuɗe shi.

Kunkuru yana ajiye ruwa a mafitsararsa don ranar fari. Idan aka ɗaga shi ya firgita sai ya tsiyayar da ruwan. Shi ya sa jefa shi a but ɗin mota a tafi da shi ƙauye ya fi barin sa a gida haɗari.

Abin da za a bar masa

Lafiyayyen babban kunkuru ba zai galabaita ba don ya yi kwana biyu ko uku da busasshiyar ciyawa da ruwa. Ita ce ma ta fi dacewa, domin ba ta ruɓewa. Ɗanyen ganye kamar rama da zogale da ganyen kabewa, mai leƙowa ya riƙa kawo kaɗan kullum. Tuwo da shinkafa da burodi da nama ba cimarsa ba ce. Kankana da mangwaro idan sun yi yawa sukan sa shi zawo, ragowarsu kuma ta gayyato ƙuda da tururuwa da ɓeraye.

Mazauna kusa da masana'antu su kula da inda ake yanko ciyawar. Kamfanonin jimar fata suna amfani da sinadarin kuromiyom, masu rini da masu sarrafa robobi su ma da nasu. Ruwan dattin Sharada kan bi rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara. Ciyawar bakin waɗannan magudanan takan yi kore shar ko da rani, shi ya sa yara ke zuwa can, amma ba ta dace da dabbar da za ta shekara tana cin ta ba. A kuma tsince leda da guntun roba da ƙusa daga tsakar gida, domin kunkuru kan haɗiye abu mai launi ya toshe masa hanji. Maganin ɓera da na feshin ciyawa a ɗauke su gaba ɗaya.

Shinge da kifewa

Kunkurun Sahel gwanin haƙa ne, ga ƙarfin ture abu. Shingen da yake hango waje ta cikinsa, wuni zai yi yana dungurar sa. Bulo ko katako ya fi waya, kuma gindin ya shiga ƙasa. A kawar da matakala da tulin bulo da duk abin da zai hau ya faɗo ta baya, domin kunkurun da ya kife a rana yana iya mutuwa kafin yamma. Maza biyu kuma kada a bar su wuri ɗaya, kifar da juna suke yi. A rufe rijiya da bakin kwata, a raba shi da kare.

Masu huda ƙoƙon bayansa su zura igiya su daina. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin bayansa, akwai jini da jijiya a ciki.

Mai leƙowa

Duk wannan shiri bai kai mutum ɗaya mai amana ba, maƙwabci ne ko maigadin kamfani in a harabar aiki kunkurun yake. A faɗa masa aikin filla-filla: ya leƙo sau ɗaya a rana, gara da azahar, ya canza ruwa, ya ga kunkurun a kan ƙafafunsa yake, ya wanke hannu da sabulu saboda ƙwayar cutar salmonela. Idan ya ga majina a hanci, ko numfashi da baki buɗe, ko ido ya faɗa, ya buga waya a kira likitan dabbobi. Jaririn kunkuru kuwa ba a barin sa ko na kwana ɗaya, domin saurin bushewa gare shi, kuma gafiya ko hankaka na iya gamawa da shi. A kai shi hannun wani.

Kunkurun Sahel yana cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. Wanda ke hannunku amana ce. Sanannen hadisi ne cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Don haka kafin ku nufi tasha, ku tanadi inuwa da ruwa da mai leƙowa. In ɗaya bai samu ba, ku kai kunkurun gidan wanda zai kula da shi har ku dawo.