Wasiƙun sarakuna: sa hannu a Turai, hatimi a Barno

1. Gabatarwa

A Turai akwai masu tara wasiƙun sarakuna, suna sayen su a kasuwar gwanjo saboda sa hannun da ke ƙasansu. A wannan ɗan rubutu muna so mu nuna cewa darajar irin wannan takarda ga mai nazarin tarihi tana cikin sanin asalinta da hannayen da ta bi. Za mu ɗauko misalanmu daga Barno, wadda ikonta ya taɓa game kwarin Komadugu da ƙasar Manga, inda Difa da Fulatari suke a yau.

2. Raunin sa hannu

A fadar Faransa akwai magatakarda da aka ba izinin kwaikwayon sa hannun sarki, saboda haka ba kowace takarda mai sunan « Louis » ba ce sarkin ya taɓa. Ga kuma jabu: a 1870 kotu a Paris ta hukunta Vrain-Lucas, wanda ya sayar wa masanin lissafi Michel Chasles wasiƙun ƙarya wajen 27.000.

3. Hujjoji daga Barno

Wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wajen 1391 ta iso gare mu ne domin al-Ƙalƙashandi ya kwafe ta cikin littafinsa. Amsar da Sarkin Santanbul Murad III ya ba Mai Idris Alauma a 1577 tana cikin kundin fadar Usmaniyya. Wasiƙar Shehu al-Kanemi zuwa ga George IV na Ingila kuwa, Denham ya buga fassararta a 1826. Dukansu mun amince da su ne don an san inda suka kwana. A gida, an ci Birnin Gazargamu a 1808, Rabe kuma ya rushe Kukawa a 1893. Abin da ya rage ya fi yawa a hannun iyalai, musamman « mahram », wato takardar da mai yake ba malami don yafe masa haraji. Wajen tantance irin waɗannan takardu ana duba hatimi idan akwai, da salon buɗewa, da irin rubutu, da tambarin cikin takarda, kamar jinjirin wata uku na masana'antun Italiya.

4. Kammalawa

Tun hare-haren Bosso da Difa na Fabrairun 2015, iyalai da yawa sun bar garuruwansu. Takardar da ta rabu da gidanta ta shiga hannun dillali, sunan mai ita da labarinta sun ɓata ke nan. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su ɗauki hoton takarda a inda take, su rubuta silsilar masu ita daga bakinsu, su ajiye kwafi a sashen rubuce-rubucen larabci da ajami na IRSH a Yamai, su bar wa iyalin asalin.