Karen da ya ƙi daina susa

Da zarar an kwashe masara da waken soya daga gonakin Malumfashi, ciyawa ta bushe, sai mafarauta su fara duba karnukansu. A nan ne wani zai tarar nasa ya rame, gashin gefen kunnuwa da na gwiwa ya zube, fatar ta yi kaushi kamar bayan kada. Cikin dare ba a jin komai a bakin zaure sai ƙafarsa tana dukan ƙasa, yana ta susa. Da yake kare ba dabbar da ake shafawa ba ce a yawancin gidaje, ciwon kan yi nisa kafin a ankara.

Tambayar mai kare ba ta wuce, "Likita, akwai allurar ƙaiƙayi?" Akwai, amma kala-kala ce, kuma wadda aka fi saurin yi ita ta fi ɓarna.

Yawancin susar karnukan karkara daga ƙuma da kaska da ƙazuwa take. Ƙazuwa aikin wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, macensa na haƙa fata ta zuba ƙwai, kuma yakan taɓa yaran da ke wasa da karen. Ana kashe shi da ivermectin, maganin da ya jawo wa Satoshi Omura na Japan da William Campbell kyautar Nobel a 2015. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa kare kuwa guba ne, lashe shi zai yi.

Allurar da ke ruɗin mutane ita ce dexamethasone. Yau a yi ta, gobe kare ya yi barci, mai shi ya ce an dace. Ƙwaron yana nan daram, garkuwar jiki kawai aka danne, kuma in aka yi ta maimaitawa sai ƙuraje su ruɓe.

Sai an kawar da ƙwari sannan ake zancen borin jini. Wani karen garkuwarsa ce ke tayar da faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba: garin furen ciyawa, funfuna, ko ƙananan ƙwarin da ke rayuwa cikin ƙurar ɗaki da ta hatsin ajiya. Karen da ke kwana gindin rumbu kullum yana cikinsu. Alamarsa lasar tafin ƙafa, goga fuska a ƙasa, da kunne mai wari.

Irin wannan ne ake yi wa allurar sabo. Wani likita, Leonard Noon, ya fara gwada ta kan mutane a Landan a 1911. Ana aske gefen haƙarƙarin kare, a ɗiga abubuwan da ake zargi cikin fata ɗaya bayan ɗaya, a ga inda ya kumbura. Abin da ya tayar da kumburin shi ake haɗawa, a riƙa yi masa kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, har jiki ya saba. Aikin haƙuri ne: yakan kai shekara kafin a ga amfani, kusan biyu cikin uku ne ke samun sauƙi, kuma da yawa sai an ci gaba da yi musu har tsufa. Akwai kuma Cytopoint, wadda aka amince da ita a Amurka a 2016. Ita tana toshe saƙon ƙaiƙayi ne na mako huɗu zuwa takwas, ba ta warkarwa, ga tsada.

Ga manomin da ke lissafin kuɗin taki, wannan zance ne mai nisa. Abin da ke kusa shi ne ofishin likitan dabbobi, in ya faskara a bi ta Funtuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A can za a kankari fatar karen da reza, a duba ta a madubin likita kafin a zari sirinji.