Sabuwar talabijin da tsohon faifai: abin dubawa kafin a sayi akwatin DVD

A Bune, cikin yankin Gure, ɗan kasuwa ko malamin makaranta kan yi watanni yana tanadi har ya sayo talabijin shafaffiya, wadda ake kira HD, daga kasuwar Dole ta Damagaram ko daga Kano. Da ya haɗa ta da tsohon akwatin faifansa, sai ya tarar hoton ya fi na da dusashewa. Nan take sai a ɗora wa mai kanti laifi, alhali kuwa sau da yawa ba shi da hannu a ciki.

Dalilin yana jikin faifan. DVD, wanda ya fara fita a Japan a 1996, layi 576 na hoto yake ɗauke da su a tsarin PAL. Faifan VCD kuwa, wanda a kansa aka buga finafinan Kano masu yawa, layi 288 ne kawai. Ita talabijin HD tana da 720 ko 1080. Akwatin da aka rubuta 1080p a kwalinsa shimfiɗa hoton yake yi domin ya cika fuskar talabijin, amma abin da babu shi a faifai ba zai ƙirƙiro shi ba. Saboda haka ƙarin kuɗi a kan wannan rubutu asara ce ga mai tarin VCD.

Abin da ya cancanci kuɗi shi ne kafar HDMI. Tsohuwar waya mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, tana ƙara ɓata hoton da dama ba shi da ƙarfi, har ma wasu sababbin talabijin ba su da wurin sa ta. Wayar HDMI mai araha ta wadatar, muddin ba doguwa ba ce ƙwarai.

Sai kafar USB, kuma a nan ne aka fi cutar masu saye. Kasuwar faifai ta ja baya tun da finafinai suka koma wayar salula da wurin masu turi, kuma yawancinsu a tsarin MP4 suke zuwa. Akwatuna masu araha da dama suna da kafar, amma ba su iya karanta wannan tsari. Mai hankali yakan je kanti da faifansa, har da wanda ya ɗan karce, da kuma katinsa, a kunna a gabansa kafin a yi ciniki. Ya kuma gwada katin a jikin talabijin ɗin kanta, domin wata tana karantawa ba tare da akwati ba, ka ga kuɗi sun huta.

Akwai kuma lambar yanki. Nijar da Nijeriya da Indiya suna yanki na 5, Faransa da Saudiyya na 2, Amurka na 1. Akwatin gwanjo da ya fito daga Turai yana iya ƙin faifan asali na wani yanki, don haka gara wanda ba a kulle ba.

Maganar wuta ta fi damun mutumin karkara. Akwatin DVD bai cika wuce wat 15 ba, amma gidan da ya dogara da farantin hasken rana da batir zai fi jin daɗin mai aiki da bolt 12 kai tsaye. Mai injin wuta kuwa ya duba bayan akwatin ko an rubuta 100 zuwa 240, saboda hawa da saukar wuta.

Ƙurar hunturu ita ce ajalin idon da ke karanta faifai, kuma mai gyara yana Gure ko Damagaram, kuɗin mota kaɗai na iya kusan kamo kuɗin akwatin. Shi ya sa masu lura ke rufe nasu da ƙyalle, su kuma tambayi mai kanti tun farko ko ana samun rimot ɗinsa a kasuwa idan ya ɓace.