Yaya Ake Gane Ɗalibin Likita Ya Iya?

A Aliero, garin da ya shahara da ɗorin karaya, yaro yakan koyi sana'ar a gaban mahaifinsa, ana lura da hannunsa. Aikin asibiti ma haka yake, domin jarrabawar takarda ba ta nuna gwanintar hannu. Saboda haka a 1975 Ronald Harden na Jami'ar Dundee a Birtaniya ya fito da jarrabawar zango-zango: ɗalibi ya auna bugun jini a nan, ya saurari ƙirji a can, malami yana duba kowane mataki. Idan ɗalibai da yawa suka faɗi a zango ɗaya, koyarwar ce ke bukatar gyara. In kuwa aka yaye ɗalibi a Jega bai iya ba, majinyacin Maiyama ne zai ji a jikinsa.