Enzayim masu yanka DNA

Enzayim masu yanka DNA sinadaran furotin ne da bakteriya ke kare kanta da su daga bairos. Akwai bairos da ake kira bakteriyofej, wanda bakteriya kaɗai yake kamawa. Yakan manne a jikinta, ya tura DNA ɗinsa ciki, ya yi ta hayayyafa har ta fashe. Idan enzayim ya riga shi, sai ya daddatsa baƙuwar DNA kafin ta soma aiki.

Yadda suke gane baƙo

DNA kamar igiya ce mai tufka biyu, kuma da haruffa huɗu ake rubuta ta: A, T, G da C. Kullum A tana fuskantar T, G tana fuskantar C. Kowane enzayim yana da gajeriyar kalmar da yake nema. Misali EcoRI, wanda aka samo daga Escherichia coli, GAATTC yake nema, ya yanka tsakanin G da A. Idan aka karanta ɗaya tufkar daga baya, GAATTC ɗin za a sake samu, kusan yadda kalmar "aya" take ta kowane ɓangare.

Ita ma bakteriya tana da wannan kalma a DNA ɗinta, amma wani enzayim yakan yi mata shaida da sinadarin metil, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbobinsa. Wadda ba ta da shaida ita ake yankawa. Werner Arber da Daniel Nathans da Hamilton Smith sun sami kyautar Nobel a 1978 a kan wannan bincike.

CRISPR

Wannan tsari ya fi na farko wayo, domin ba ya mantuwa. Bakteriyar da ta tsira takan adana guntun DNA na bairos, ta kwafe shi zuwa RNA. RNA ɗin ke yi wa enzayim Cas9 jagora zuwa haruffa kusan 20 da suka dace. An tabbatar da cewa garkuwa ce a 2007, a bakteriyar da ake yin yogot da ita. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna ana iya sauya jagoran, a yanka inda ake so. Sun karɓi Nobel a 2020.

Amfani

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin cutar sikila da aka gina a kan Cas9, sai dai kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. A Jigawa ana koyar da ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011.